Hoto na kan kwali, ciniki kuwa kara-kara ake yi

Tun 2015 aka haramta sayar da taba sigari kara-kara a Najeriya. Wani zai ɗauka raha nake yi, amma haka abin yake a rubuce. Dokar taƙaita shan taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, ana saura 'yan kwanaki ya bar mulki, ta ce ba a sayar da sigari sai a kwalinta mai kara 20. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sa yaro ya sayar, ta hana talla, ta hana busa hayaƙi a asibiti da makaranta da ofis da motar haya. A 2019 aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita.

To, leƙa kowace tashar mota, ko ka tsaya wajen mai tebur na bakin layinku bayan isha'i. Ga kwali nan an yage bakinsa, karare sun leƙo, an jera shi tsakanin alewa da cingam da ƙullin sukari. Ga leta an ɗaure da zare a ƙafar tebur don kada wani ya yi gaba da ita. Kwandasta ya zo ya ce "ba ni ɗaya", ya kunna nan take, ya juya. Can kuma a majalisa wani ya ƙwala wa yaron da ke wucewa kira: "Kai, zo ka karɓo mini kara biyu, canjin naka ne." Yaron da bai gama firamare ba ya riƙo su a tafin hannu yana sansanawa. Babu wanda ya ga laifi, har da mu da ke zaune.

Wannan karan guda shi ne ƙofar da duk ƙoƙarin hukuma ke zurarewa. A 2021 aka tilasta wa kamfanoni buga hoton illar taba a rabin jikin kwali, don mai saye ya gani gabansa ya faɗi. Dabara ce mai kyau, musamman ga wanda bai iya karatun boko ba. Sai dai mai sayen kara ɗaya ba ya riƙe kwali. Kwalin na hannun mai tebur, shi kuwa ya gani har ya daina gani. Haka harajin da aka fara ɗorawa a kan kowane kara tun 2018. Tsadar kwali na iya sa magidanci ya yi tunani, amma idan aka raba ta gida 20 sai ta koma canjin aljihu, wanda ɗan sakandare ma ba ya rasawa. Kuma galibin mashaya da ƙuruciya suke farawa. Sinadarin nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi da zuƙa, kafin saurayi ya farga jiki ya saba, abin da ya fara don burge abokai ya zama ba ya iya karyawa da safe sai da shi.

Maganar illa kuwa an gama ta tuntuni. A 1950 masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu. Yau an san hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa kansa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A wurinmu ba kasafai mutuwar ke zuwa da sunanta ba. Sai ka ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye, dangi na ta neman wanda ya yi masa sammu. Ko a ce tari ne ya ƙi jin magani. Ba mai tuna shekara talatin da ya yi yana busawa, alhali taba na ƙuntata jijiyoyin jini, tana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki, tana kuma ƙara haɗarin tarin fuka, cutar da dama ta yi mana katutu. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne jaririn da ke kwana ɗaki ɗaya da uba mashayi, taga a rufe saboda sauro ko sanyin hunturu. Shi ne mai yawan ciwon ƙirji da na kunne, uwarsa na ta jigilar asibiti.

Kullum akwai mai cewa kakansa ya sha taba har ya shekara casa'in. Gaskiya ne, ana samu. Ƙiyasin hukumar lafiyar shi ne taba kan kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba, ka ga ke nan akwai rabin da za a riƙa ba da labarinsu. Ɗaya rabin ba sa nan balle su yi musu. (Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ga taba gari ta tsofaffi, ga furen da iyayenmu mata ke gogawa a haƙori don ado. Amma ba mai tallata waɗannan da kuɗin kamfani.)

Binciken da aka yi a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manyan Najeriya ne ke amfani da taba, wajen mutum miliyan 4.5, mafi yawansu maza. Adadin bai kai na ƙasashe da dama ba, kuma a ganina shi ya sa kamfanoni suka zuba mana ido: kasuwarsu na ja baya a Turai, nan kuwa ga matasa birjik da ba su fara ba. Kamfanin taba na BAT ya buɗe babbar masana'anta a Ibadan a 2003. A 2007 jihohi irin su Kano da Legas da Gombe suka maka kamfanonin taba a kotu. A ƙarshen 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan BAT. Ga kuma shisha, da ƙamshin tuffa da na'ana'a, ta shiga inda sigari ke jin kunyar shiga, har ɗakunan 'yan mata. Ruwan tulun ba ya tace dafin, zaman awa guda kuwa hayaƙin da ake zuƙa ya ninka na kara ɗaya sau tari.

Ba ina cewa a saki 'yan sanda su bi masu tebur ba. Mun san inda hakan zai ƙare: a karɓi na goro, gobe a ci gaba. Mai tebur ribar 'yan nairori yake nema. A fara daga sama, wajen dillalan da ke sauke katan-katan, a ɗaure lasisinsu da sharaɗin wanda suke ba kaya. Sannan a zauna da shugabannin tasha da na kasuwa, waɗanda maganarsu ta fi ta kotu saurin aiki a wurarensu. Duba-gari su sa wannan cikin abin da suke dubawa. Limamai su taɓo batun aiken yara sayen taba a huɗuba, don na tabbata da yawa masu yi ba su taɓa ɗaukarsa komai ba.

Shi kuma wanda ya riga ya kamu, tsangwama ba ta raba shi da ita. Taimako yake buƙata, kuma yana da hujja a hannunsa: duk watan azumi yana haƙura daga asuba zuwa magariba. Likitoci sun ce shekara guda da dainawa, haɗarin ciwon zuciya kan ragu da kusan rabi. Kamata ya yi a ce kowane asibitin sha-ka-tafi na da ma'aikacin da zai zaunar da shi ya nuna masa hanya, tun daga watan Sha'aban. Dokar 2015 ta tanadi asusu na musamman don yaƙi da taba. Abin da aka riƙa ware masa a kasafin kuɗi bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba.