A Kawo Laccar Ƙwaƙwalwa Zauren Mai Wurno



Manyan jami'o'in duniya suna da wata al'ada: kowane mako sukan gayyato baƙon masani ya yi lacca kan ƙwaƙwalwa da hankali, yadda mutum yake hardacewa, yadda yake mantuwa, da abin da tsoro yake yi wa barci. Roƙonmu ga Jami'ar Jazira da ke Wad Madani shi ne, yayin da take sake tsayawa da ƙafafunta, ta kafa irin wannan zama, kuma kada ta kulle shi a ɗakin da likitoci kaɗai ke shiga. Ko sau ɗaya a wata ne, a kawo shi garuruwanmu da tafinta mai jin Hausa da Fillanci.

Ba baƙon abu muke nema ba. Jami'ar, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna ne da tura ɗaliban likitanci su zauna a ƙauyuka. Ilimin ma yana da magabata a ƙasar nan. Tijani al-Mahi, wanda ake kira uban likitancin taɓin hankali na Afirka, bai raina shehunan masid ba, ya yi aiki tare da su. Malik Badri, ɗan Rufa'a da ya rasu a 2021, ya fassara wa Turawa abin da Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta kan damuwa da waswasi fiye da shekara dubu da suka wuce. Saboda haka malamin da ke gudun a zo a ƙaryata addu'a ya kwantar da hankalinsa.

Farfaɗiya ce ta fi damunmu. Yaro ya faɗi yana shure-shure, jama'a su watse don gudun yawunsa, wani ya cusa masa cokali a baki, daga bisani a cire shi daga halwa. Yarinya kuma, masu neman aure su ɗauke ƙafa daga gidansu baki ɗaya. Alhali ciwon rikicewar saƙonnin lantarki ne a cikin ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu, cokalin kuwa haƙori yake karyawa. Abin yi shi ne a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da ruwa daga kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ciwon za su daina faɗuwa idan sun sami magani daidai. Wace uwa aka taɓa gaya wa wannan da harshenta?

Ga kuma abin da yaƙi ya bari. Tun faɗuwar Madani a Disambar 2023 har ƙwato ta a Janairun 2025, yaranmu sun ga abin da ido bai so. Akwai mai firgita da ƙarar babur, akwai wanda allonsa ya tsaya cik, malam yana zaton lalaci ne, yana ƙara bulala.

Namu nauyin a bayyane yake. Zaure da tabarmi da shayi suna wuyan dattawa, a kuma ware wa mata nasu zaman bayan la'asar, domin su ne ke kwana da marasa lafiya. Malaman halwa su zauna a sahun gaba da tambayoyinsu, har da wadda muka daɗe muna son ji daga bakin masana: me ya sa haddar asuba ta fi ta rana zama?