Ciwon damuwa: darasin awa 5 da ya cancanci shiga lakwal

Idan masassara ta kama yaro, jikinsa ya yi zafi, gida duka ya sani, nan da nan a kai shi likita. Amma akwai wani ciwo da ke kama samari da ƴan mata wanda taɓa goshi ba ya nuna shi, wato ciwon damuwa, wanda ake kira dépression da Faransanci. Likitoci suna zarginsa idan baƙin ciki ko fitar komi daga rai ya kai mako 2 kusan kullum, barci ya lalace, cin abinci ya canza, hankali ya ƙi tsayawa bisa karatu. A wurin matashi yakan fito da kamar fushi da saurin faɗa, shi ya sa uwaye ke ɗaukarsa ƙiwuya ko rashin ladabi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

An gwada koyar da wannan batu a aji, kuma an auna amfaninsa. Daga 2009 zuwa 2010, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Danuta Wasserman ta cibiyar Karolinska da ke Suwidin, an ɗauki ƴan lakwal fiye da dubu 11, galibi masu shekara 15, a makarantu 168 na ƙasashen Turai 10. Aka kasa makarantun kashi 4. A kashi na farko an horar da malamai su gane yaron da ke cikin haɗari. A na biyu ƙwararru sun tantance yaran da takardar tambayoyi. A na uku yaran da kansu aka karantar, awa 5 cikin mako 4, awa 2 na bayani, awa 3 na wasan kwaikwayo, inda suke gwada yadda za su taimaki aboki da wanda za su nufa. Kashi na huɗu an bar shi domin kwatantawa.

Mujallar likitoci The Lancet ta buga sakamakon a 2015. Bayan shekara guda, a kashin da aka karantar, yara 7 cikin 1000 ne suka yi yunƙurin kashe kansu, alhali a kashin kwatantawa sun kai 15 cikin 1000. Sauran hanyoyin biyu ba su nuna bambanci mai ƙarfi ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin matashi yakan buɗa cikinsa ga tsaransa tun kafin malami ko uba su ji.

Sai dai ba kowane darasi ke amfani ba. A Birtaniya, wani gwaji da aka bayyana a 2022 bisa yara fiye da dubu 8 ya nuna cewa koyar da dabarun natsar da zuciya bai fi karatun da aka saba ba. Kenan tsarin darasin abin lura ne ƙwarai.

A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, ɗaliban CEG da lise suna koyon zazzaɓin cizon sauro da sida a darasin SVT. Ƙara awa 5 bisa wannan ba zai karya kasafin ma'aikatar ilimi ba, muddin an horar da masu koyarwa, an kuma haɗa kowace lakwal da wata CSI inda za a tura yaron da ya nemi taimako, don ciwon yana da magani.

Kafin nan, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ga makin ɗansa ya zube ana gab da BEPC ko bak, yaron ya bar abokai, ya shige ɗaki, ya kamata ya ajiye bulala, ya zaunar da shi, ya tambaye shi abin da ke damunsa.