Ya Dawo Daga Sambisa, Mun Tarbe Shi Da Igiya

Sojan da ya yi shekaru a dajin Sambisa, ya yi ritaya ya dawo Katsina ba ya barci, ba ya magana, ba ya son fita, ba mahaukaci ba ne. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Amma me dangi ke yi? Su taru su danne shi, a cusa shi a mota, ba wanda ya tambaye shi.

Dokar mahaukata ta 1958 ce ta ɗaure wa wannan gindi: majistare da likita su tsare mutum, ba ruwanta da warkewarsa. A Janairun 2023 Buhari, shi ma tsohon soja, ɗan Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa: a nemi yardar mara lafiya, kwantarwar dole kuwa sai da sharuɗɗa. Mu masu rubuta manhaja mun sani, wadda ba a ɗora a waya ba, ba ta aiki. Wa ya karanta wa tsohon kofur haƙƙinsa? A Daurar nan, a 2019, 'yan sanda suka kwance mutum 67 daga gidan mari.

In kuwa ya yi yunƙurin kashe kansa, dokar Penal Code ta Arewa ta tanadar masa ɗaurin har shekara guda. To wa zai buɗi baki ya ce yana cikin damuwa?

Akwai ranar da tilas ke ceton rai, ban musa ba. Amma likita ne zai yanke, da wa'adi, da ƙofar ƙorafi. Ba ƙanen da ke riƙe da katin fanshonsa ba.