Kilomita dubu 500 da inji ɗaya: Me ke raya Hilux, me ke kashe ta?

Tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, motocin da a da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sun koma biyo doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙaru, kuɗin shigowa ya ƙaru, kayan gyara ma haka. Shi ya sa a garejojin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, mai tsohuwar a-kori-kura ya fi tunanin gyara a kan canji. Su ma ƴan ci-rani da ke tara kuɗi a Aljeriya, Libiya ko Turai don su saya wa gida motar haya, tambayarsu ke nan: har kilomita nawa injin zai kai kafin ya kwanta?

Sunan da Toyota Hilux ta yi ba a banza ta same shi ba. An fara ƙera ta a Japan a 1968. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki dakarun Libiya masu tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum a kan motocin Hilux da Land Cruiser, har aka laƙaba wa faɗan suna Yaƙin Toyota. A 2003 kuma shirin Top Gear na BBC ya ɗauki wata tsohuwar Hilux mai shan gazuwal, aka bar ta teku ya shanye ta, aka cinna mata wuta, aka ɗora ta a kan dogon bene aka rusa shi. Duk da haka makanike ya tayar da injin ba tare da sabon kayan gyara ba.

Sirrin tsofaffin injinan, irin su 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3, shi ne sauƙin ƙira. Gangar jikinsu ta baƙin ƙarfe ce, ba su da turbo, kuma famfon da ke tura mai ba ya jiran umarnin kwamfuta. Ƙarfinsu bai wuce na doki 90 zuwa 100 ba, wanda kaɗan ne ga inji mai wannan girma. Wannan rashin ƙarfin ne ke tsawaita ransu, don injin da ba a tatse shi ba ba ya saurin gajiya. In kuma ya samu matsala, makaniken Tanut ko na Dakoro zai iya kwance shi da makullan da ke hannunsa.

Sababbin injinan wani abu ne daban. Daga farkon shekarun 2000 Toyota ta koma ga injinan 1KD da 2KD, waɗanda aka sani da D-4D, sannan a 2015 ta fito da 1GD da 2GD. Injin 1GD lita 2.8 ne kamar tsohon 3L, amma a ƙirar 2020 yana ba da ƙarfin doki 204, fiye da ninki biyu. Yana samun hakan ne da turbo, da kwamfuta, da kuma tura mai a matsin da ya haura bar 2,000, alhali iskar tayar mota bar 2 zuwa 3 ce. A irin wannan matsi, ɗan ruwa ko ƙasa a cikin gazuwal ya isa ya cinye bakin injekta. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai kuma suna ɗauke da matatar hayaƙi da ke buƙatar mai maras yawan sinadarin salfa, in ba haka ba sai ta toshe.

A nan ne halin da ake ciki a ƙasa ke shigowa. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, ganga dubu 20 take iya tacewa a rana, kuma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai. Duk lokacin da mai ya yi wuya, direba kan koma ga na bakin hanya, wanda ya kwana cikin jarka da duro, rana ta doke shi, ƙura ta shige shi. Tsohon inji zai haɗiye shi ya wuce. Sabo kuwa zai haɗiye shi yau, bayan ƴan watanni ya aiko wa mai shi da lissafi.

Akwai kuma ruɗin da lambar agogon kilomita ke jawowa. A 2020 an yi ta labarin wata Nissan Frontier ƙirar 2007 a yankin Chikago na Amurka, wadda ta cika mil miliyan ɗaya, wato kusan kilomita miliyan 1.6, da injinta na asali mai silinda huɗu. Direban mai kai saƙo ne, yawancin tafiyarsa a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kuma bai taɓa wasa da canjin baƙin mai ba. Kilomita dubu 500 daidai yake da zuwa Damagaram daga Yamai a dawo kusan sau 280. In a kan kwalta aka yi su, da kaya daidai ƙima, injin na iya kasancewa da sauran ƙarfinsa. Amma kilomita dubu 150 a cikin rairayin Tenere ko hanyar ma'adinan zinariyar Jado, a ƙaramin giya, da mutum ashirin da jarkokinsu a baya, sun fi haka cin inji. Ballantana agogon kansa ana iya mayar da shi baya kafin motar ta iso kasuwa.

Abubuwan da ke kashe waɗannan injinan sanannu ne. Na farko zafi: radiyeta ta toshe, a yi ta ɗura mata ruwan rijiya mai kanwa, injin ya tafasa sau ɗaya, kansa ya tsage. Na biyu ƙura: matatar iska da ta yage a lokacin hunturu tana barin yashi ya riƙa goge cikin silinda. Na uku igiyar robar da ke daidaita tafiyar injin, wadda a 3L da 5L ake canjawa a kilomita dubu 100, a 1KD da 2KD kuma a dubu 150. In ta tsinke mota na gudu, ɓarnar kan kai ga kwance injin gaba ɗaya. Injinan GD da na fetur 2TR kaca suke da ita a maimakon roba. Na huɗu jabun kayan gyara da jabun baƙin mai. A yanayin zafi da ƙura irin na Sahel, canjin mai a kowane kilomita dubu 5 shi ne abin da ya fi aminci.

A birni mutuwar inji asarar kuɗi ce. A hamada kuwa asarar rai ce. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa ƴan yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Tun da aka soke dokar 2015 kan safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, ayarin Hilux ya dawo fili a kan hanyar Agadas zuwa Dirku, kuma babu gareji tsakanin rijiya da rijiya.

Saboda haka mai shirin saye, ko yana gida ko yana ƙasar waje, akwai tambayoyin da suka fi lambar agogo amfani. Wane inji ne a ciki, kuma don wace kasuwa aka ƙera motar? A garin da za ta yi aiki, akwai makanike mai na'urar duba kwamfutarta? A tayar da ita da sanyin safiya a kalli hayaƙin: shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai ne, farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi ɗumi kuma yakan nuna ruwa na shiga silinda. A auna matsin kowace silinda kafin a biya. Motar da za ta yi jigilar albasa daga Galmi zuwa Yamai a kan kwalta za ta amfana da sabon inji mai tsimin mai. Wadda za ta shiga daji, nesa da gidan mai da na'ura, tsohon inji mai sauƙin kai ya fi mata, muddin an ware kuɗin matata, igiyar roba da radiyeta tun ranar saye.