Biri Ya Yi Kama Da Mutum, To Ina Wutsiyar?

BIRI ya yi kama da mutum, in ji Hausawa, amma duk wanda ya ga jan biri a kafaɗar gardi a kasuwar Agege ko Sabon Ibadan ya san bambancin da ke fara shiga ido, watau wutsiya. Ran 28 ga watan Fabrairu na 2024 mujallar kimiyya ta Nature, wadda ake bugawa a Ingila, ta fito da wani bincike na masanan Jami'ar New York ta Amurka a kan abin da ya raba ɗan Adam da wutsiya. Wani zai ce wannan zancen hira ne kawai. To, ba haka ba ne, domin ƙarshen maganar ya taɓo lafiyar jarirai.

Da farko dai ba kowane biri ke da wutsiya ba. Jan biri da bika suna da ita, amma cimfanzi na dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba da gorila na Jihar Kuros Riba ba su da ko guntuwa. Masana kimiyya suna sa waɗannan manyan birai cikin rukuni ɗaya da ɗan Adam ta wajen ƙirar jiki. A ganinsu, rukunin ya rabu da birai masu wutsiya kimanin shekara miliyan 25 da suka wuce. Daga cikin hujjojinsu akwai ƙasusuwan wata dabba mai suna Proconsul da aka tono a ƙasar Kenya, masu shekara wajen miliyan 18, waɗanda suka nuna ba ta da wutsiya.

Shi kansa ɗan Adam bai rabu da alamar abin ba. Ɗan tayi na mako huɗu zuwa biyar yana da 'yar wutsiya a cikin mahaifa, sai ta shanye kafin ƙarshen mako na takwas. Abin da ke saura shi ne ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, mai gaɓa uku zuwa biyar a manne, wanda kan yi zafi in mutum ya faɗi zaune. Malamai sun san shi da sunan ajbuz zanabi, watau tushen wutsiya, kuma ya zo a hadisan Buhari da Muslim a kan tashin ƙiyama. Maganar asalin ɗan Adam kuwa, Musulmi da Kirista suna da abin da littattafansu suka faɗa, su kuma masu binciken ra'ayinsu ne na kimiyya suka kawo.

Wanda ya tayar da binciken wani ɗalibi ne mai suna Bo Xia, wanda ya bugi wannan ƙashi a cikin mota a 2019, ciwon ya sa shi tunanin asalinsa. Da shi da malamansa, Itai Yanai da Jef Boeke, suka auna ƙwayoyin gado 140 masu hannu a ginin wutsiya, a cikin manyan birai iri shida, har da mutum, da birai masu wutsiya iri 15. Ƙwayar gado dai tamkar rubutaccen umarni ce da jiki ke karantawa yana gina kansa.

A cikin wata ƙwaya mai suna TBXT suka tarar da wani ɗan guntun rubutu mai harafi kamar 300, ana ce da shi Alu. Duk marasa wutsiya suna da shi a wannan gurbi, masu wutsiya kuwa babu ko ɗaya. Irin wannan guntu ba baƙo ba ne, domin mutum yana ɗauke da kwafinsa fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu ba sa tsinana kome. Wannan kuwa ya faɗo kusa da wani tsohon ɗan'uwansa da ke kallon baya, sai su biyun su manne, su naɗe wani yanki na umarnin a tsakaninsu. In jiki ya zo karatu, wani lokaci sai ya tsallake yankin, kamar mai karanta wasiƙar da shafi biyu suka liƙe.

Don su gwada, sai suka yi wa ɓeraye irin wannan canji. Aka haifi waɗansu da guntuwar wutsiya, waɗansu babu ita sam. Dama tun 1927 aka gane, a birnin Paris, cewa lahani a wannan ƙwaya yana gajarta wutsiyar ɓera, haka kuma shi ne ya sa kyanwoyin tsibirin Man, kusa da Ingila, suke guntaye.

Sai dai binciken ya nuna yadda abin ya faru ne, dalilin da ya sa ya ɗore kuwa har yanzu masana suna gardama. Waɗansu na cewa rashin wutsiya ya taimaka wajen tafiya da ƙafa biyu. Waɗansu suka ce lissafin bai hau ba, domin mafi tsufar halittar da ake zaton ta miƙe tsaye, watau Tumai da aka tono a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi a 2001, shekararta kamar miliyan bakwai ne, alhali wutsiya ta tafi tun kafin nan da shekara miliyan da yawa.

Inda maganar ta shafi kowane gida shi ne, waɗansu daga cikin ɓerayen nan sun sami irin ciwon da likitoci ke kira sifaina bifida, watau a haifi yaro ƙashin bayansa bai rufe ba, laka a waje ko ƙulli a baya. Masu binciken suna zaton rabuwa da wutsiya ta zo da wannan haɗari. Irin wannan lahani na laka da ƙwaƙwalwa yana samun kimanin jariri ɗaya cikin dubu. Wanda ya rayu yakan sami shanyewar ƙafafu, ko rashin riƙe fitsari, ko ruwa ya taru masa a kai. A wurare da yawa akan ɗora laifin a kan iskoki ko sammu, uwa ta sha zargi a banza.

Abin farin ciki, akwai rigakafi mai araha. Wani babban gwaji da hukumar binciken likitanci ta Ingila ta bayyana a 1991 ya nuna ƙwayar maganin folik asid ta rage sake aukuwar ciwon da kashi 72 cikin ɗari ga matan da suka taɓa haihuwar irin wannan yaro. Amurka ta tilasta zuba shi a cikin fulawa daga 1998, ciwon ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta sha maikirogiram 400 kullum, tun daga lokacin da take neman ciki har mako na 12.

A nan gizo ke saƙa. Bututun da ke zama laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauki ciki ba. Wadda ta jira sai ciki ya fito sannan ta tafi awo, ko kunyar cikin fari ta sa ta yi shiru, ta makara ga wannan rigakafi, ko da yake maganin zai amfane ta ta wajen ƙarin jini. Wake da gyaɗa da alayyafo suna da sinadarin, amma likitoci ba su ɗauke su a madadin ƙwayar ba.

Saboda haka nauyin yana kan magidanta. Mai sayar da goro a Shagamu, ko ɗan canji a Ikko, ko mahauci a Anaca, wanda ya ajiye iyali a nan Kudu nesa da uwa da kaka, shi ne zai ba matarsa izni da kuɗin mota ta ga ma'aikatan asibiti tun kafin ciki ya shiga. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni su ma suna iya sa baki a wajen ɗaurin aure da suna. Wanda kuma aka haifa masa yaro da ƙulli a baya, kada ya bari wanzami ya taɓa, ya garzaya da shi babban asibiti a ranar, domin aikin rufe wurin ya fi amfani cikin kwana biyu ko uku na farko.