Kafin a jefar da mataccen laftof, a ciro allonsa

A watan Fabrairun 2018 duniya ta ga hoton Richard Appiah Akoto, malamin wata ƙaramar sakandare a Sekyedomase ta yankin Ashanti, yana zana shafin Microsoft Word da alli, domin ɗalibansa za su rubuta jarrabawar BECE a darasin kwamfuta alhali makarantar ba ta da mai aiki ko ɗaya. An yaba masa, an kuma aika wa makarantar kwamfutoci. Madalla. To sauran makarantun fa, irin namu na zango, waɗanda ba a ɗauki hotonsu ba? Mu malamai mun san har yanzu alli ne ke yin aikin.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai da iyaye ita ce mu fara haɗa allon kwamfuta da hannunmu, tare da yaran, daga laftof ɗin da suka mutu. Sau da yawa abin da ke lalacewa a laftof cikinsa ne, gilashin fuskar kuwa lafiyarsa ƙalau.

Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ana kwance murfin, a ciro allon a hankali. A bayansa akwai takarda mai ɗauke da lambarsa, kuma wannan lambar ita ce komai. Da ita za a nemi ƙaramin farantin lantarki da masu gyara ke kira bod, wanda ke karɓar hoto ta HDMI ko VGA ya miƙa wa allon. Dole bod ɗin ya dace da lambar, don wani allon bakin wayarsa na da fil 30, wani 40, kuma ko adadin ya zo ɗaya ba lalle tsarin ya zo ɗaya ba. Yawancinsu adafta mai volt 12 suke ci. An haɗa, an jona da tsohuwar kwamfutar tebur ko Raspberry Pi, shi ke nan, hoto ya fito.

Sai gidan da zai zauna. Kafintan unguwa zai yanka falanki mara kauri daidai girman allon, ya huda ramuka a baya don zafi ya riƙa fita. A goge da samfefa, a shafa fentin farko ya bushe, sannan a fesa launi shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowanne ya sha iska. A waje ake fesawa, kuma tun kafin a saka gilashin. Bakin da ke kewaye da allon a yi shi baƙi mara sheƙi, don mai sheƙi yana mayar da hasken taga cikin idon yaro.

Wani zai ce, Malam, fenti kuma na mene ne, ai ado ne kawai. A'a. Katako tsirara yana shan raɓar damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsage shi. Ban da haka, na lura abin da aka bari wayoyi na reto yara suna ɗaukarsa tarkace, kowa ya ja. Wanda suka goge suka fenta da kansu, har suka rubuta sunan ajinsu a baya, su ne masu gadinsa.

Akwai kuma masu cewa gara a sayi tsohon allo a kasuwa a huta. In maganar kuɗi ce kaɗai, wani lokacin suna da gaskiya. Amma yaron da ya karanta lamba, ya ƙirga fil, ya gane dalilin da volt 19 na cajar laftof zai iya ƙona bod mai volt 12, ya koyi abin da babu a kan allon bango. A Lome ta Togo, Afate Gnikou ya haɗa injin buga abubuwa na 3D daga tarkacen kwamfuta a 2013. A Agbogbloshie ta Accra kuwa, kafin a rushe wurin a 2021, samari da yawa daga arewa suna ƙona wayoyi cikin baƙin hayaƙi don ciro jan ƙarfe. Bolar ɗaya ce, abin da aka koya wa hannu ne ya bambanta.

Hattara da abu guda: tsofaffin alluna suna da siririn kwan fitila mai ɗauke da zaiba, mai guba in ya fashe, kuma yana aiki da wuta mai ƙarfi. A zaɓi masu hasken LED, kuma kada a taɓa komai sai an zare filogi.

Shugabannin makarantu, ku ware mana awa biyu a mako da tebur ɗaya. Iyaye, laftof ɗin nan da ke ƙarƙashin gado shekara uku, kafin mai sayen gwangwani ya tafi da shi, a aiko mana. Masu gyaran waya da rediyo na unguwa, ku ba mu yammacin Asabar ɗaya. Sauran aikin mu da yaran za mu yi.