Tsohon Baƙin Mai Guba Ne

'Yan uwa malamai, da yawa daga cikin ɗalibanmu gareji suke nufa idan an tashi makaranta, kuma aikin farko da ake ba ɗan koyo shi ne juye baƙin mai. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba, kuma yawan taɓa shi kan jawo ciwon daji na fata. Yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda Nijeriya ke cikinta, ta lissafa shi cikin shara mai haɗari. Duk da haka a unguwanninmu kwata ake zuba shi ko masai, har ya tsiyaya cikin rijiyoyinmu.

Gyaran ba shi da tsada. A tara shi a duro mai murfi, a rubuta sunansa a jiki. Kada a gauraya shi da fetur ko ruwan batir, domin gauraye yana wuyar tacewa. A ba yaro safar hannu da sabulu.

Ina roƙon reshenmu ya zauna da shugabannin makanikai da jami'an NESREA, a kuma hana zuba shi a masan makarantu. Yaron da muka koya wa tsabta da safe bai kamata ya kwana da guba a hannunsa ba.